Takardar Rawaya Ba Tawa Ba Ce

Dukanku kun san 'yar takardar nan rawaya da yayanku Alhasan ya sa a gilashi ya rataye a ɗakin baƙi. Baƙo ba ya shiga gidan nan na Arlit ya fita ba a nuna masa ita ba, a ce ga shaidar ranar da Baba ya tsaya gaban mutanen Nasara ya ƙi su, har suka kore shi daga aiki. Ni kuwa ina kan tabarma ina jin ku, sai in gyara rawani in yi shiru, wai ni mai kunya. Shekaru ke nan ina cin wannan yabo, wallahi ya fara tsaya mini a wuya. Yanzu ga wani zaɓen ya ƙarato, jikokina suna shigowa da huluna da zannuwan jam'iyya, kowa na bugun ƙirji da kakansa jarumi. To ku zauna ku ji yadda aka yi, tun bakina yana iya faɗi.

A lokacin babu Arlit. Inda kuke ganin kasuwa da tasha da fitilu, fili ne na baƙin dutse wanda ko akuya ba ta tsayawa a cikinsa. Mu muna can wajen Gugaram, bakin wata rijiya da tanti kamar goma sha ke sha daga gare ta. Ni mutumin Adar ne, haƙar rijiya na gada, ita ce ta kawo ni arewa ina yi wa makiyaya aiki, har na ga uwarku Tekna a bakin rijiyar nan tana jan guga, na rasa hanyar komawa gida. Tantin da muke ciki nata ne, awakin nata ne, kamar yadda al'adarsu take. Abin da na kawo gidan shi ne hannuwana da alaben fata da nake ratayawa a wuya. Ba ta taɓa kiran sunana ba, Ba'adare take ce mini, kuma da yake Hausa ba harshen da ta tashi da shi ba ne, har ta rasu in ta yi fushi ko tana zolayata Hausarta takan juye ta ce mini "ke".

Sai ga masu neman dutse sun zo. Nasara ne su huɗu ko biyar da kamiyo biyu, manyan motocin kaya, da wani ɗan akwati mai kuka ƙar-ƙar in an kai shi kusa da dutsen da suke so. Suka kafa zango nesa kaɗan da rijiyarmu, suka kafa wani inji mai huda ƙasa wanda ke shan ruwa fiye da garken raƙuma. Suna neman wanda ba ya tsoron rami, aka nuna musu ni. Duk ƙarshen wata sai in dawo gida da buhun hatsi da sukari da ganyen shayi, a ƙasar da mutum kan jira ayari wata uku kafin ya ga ƙwayar gero. Ku da kuka saba a aiko yaro kanti ba za ku gane mene ne buhun nan ba. Shi ne ya sa na fara tafiya da ƙirji a buɗe a gaban surukina, shi ne ya sa Alhasan, wanda ke goye a lokacin, bai taɓa kuka da yunwa ba. Kuma tun ranar da na fara karɓarsa na fara tsoron ranar da zan rasa shi.

Ina so ku san irin mutumin da nake. Ramin gaba ashirin ba ya ɗaga mini hankali, na sha shiga rijiyar da ƙasa ke zubo mini a ka ina waƙa. Amma in mutum mai kaki ya dube ni sau biyu, sai in rasa inda zan sa kaina. Wanda ke kanmu a wurin aiki baƙar fata ne kamarmu, tsohon soja, muna ce masa Mai Usur saboda usur ɗin da ba ya rabuwa da bakinsa. Bai taɓa duka na ba. Ba ya buƙata. In ya busa abin nan, ko ina ƙasan rami sai na ji shi har cikin haƙorana.

A shekarar aka ce za a yi zaɓe a ƙasar duka, wate muke cewa, kuma har mata za su jefa. Jam'iyya biyu ce ta iso mana. Masu takarda rawaya suna cewa a zauna tare da Nasara, masu shuɗiya suna cewa Nasara su kama hanya. Mutumin rawaya ne ya fara zuwa, a kamiyo, da babbar riga da kan sukari ga kowane tanti. Aka taru bakin rijiya, maza a gaba, mata a gefe, ya yi magana mai daɗi wallahi. Ya ce an samu dutsen da ya fi zinariya, za a gina gari a filin nan da likita da lakwal, wato makaranta, kowane namiji zai sami aiki, ba mai sake jiran ayari. Maza suna ta gyaɗa kai. Ni har na hango kaina a gidan ƙasa mai ƙofar ƙarfe. Sai na ji muryar uwarku daga cikin mata.

"Garin nan da za a gina, ina zai sha ruwa?"

Mutumin ya yi dariya, ya dubi maza ya ce:

"Matar wa ce wannan? Ruwa ai aikin injiniyoyi ne, baiwar Allah. Ke dai ki tanadi tukunyar dafa shinkafa."

Aka yi dariya. Ni ma na yi, don kada a gane matata ce, alhali kowa a wurin ya sani. Da muka koma tanti na fara yi mata faɗa, sai ta jawo igiyar gugarta ta shimfiɗa a gabana. Igiyar fata ce, ta nuna mini wurin da ta yi ƙari, sannan wani ƙarin a bayansa.

"Ba'adare, kai ne maginin rijiya. Wannan kamu nawa ne?"

Kamu biyu ne da ɗan wani abu. Tun zuwan injin nan ta ƙara wa igiyar tsawo sau biyu kafin guga ya taɓa ruwa. Ni ba zan rantse muku cewa injin ne ba, daminar shekarar ma ba ta yi kyau ba, Allah ne masani. Amma ni na san ruwan nan ya yi ƙasa tun kafin ta nuna mini, na gani da idona ranar da na shiga yashe rijiyar, na haɗiye maganar saboda buhun hatsi. Ita kuwa kullum da safe hannunta ke gaya mata.

Bayan kwana kaɗan mutumin shuɗiya ya zo. Wani ramammen direba ne, a kan raƙumin aro, ba sukari ba komai, sai tari. Mutane kaɗan ne suka fito, don Mai Usur ya zo ya zauna a kan kwamin shayar da dabbobi yana kallon wanda zai tsaya. Ni na laɓe bayan wani jaki ina yi kamar ina duba ƙafarsa. Direban ya ce dutsen namu ne, in Nasara sun tafi za a sauke harajin dabbobi, a buɗe hanyar kudu ayari ya wuce ba takarda, hatsi ya yi araha. Na ce a raina, yau dai Tekna za ta yi shiru, tunda wannan ya faɗi abin da makiyayi ke son ji. Ina! Sai ga muryarta.

"In sun tafi da kamiyonsu da likitan dabbobinsu, wa zai kawo mana hatsi bana? Ba baɗi ba, bana."

Direban ya yi tari, ya dubi ƙasa, sannan ya ce:

"Yaya, ba zan yi miki ƙarya ba. Za a sha wuya. Shekara biyu, ko uku, ban sani ba. Wanda ya ce miki ba za a sha ba, bai taɓa tuƙa mota a hanyar nan ba."

A hanyar komawa na ce mata to kin ji, shi da bakinsa ya ce yunwa zai kawo mana. Ta ce ta ji. Ta ce in za ta sayi akuyar tatsa, ba ta sauraron yabon mai ita, takan tambaye shi aibinta. Wanda ya ce akuyarsa ba ta da aibi ko ɗaya, ko bai san ta ba ko yana ɓoye wani abu. Ta ce na farkon ya ga igiya bai so ya duba ba, na biyun an nuna masa ramin da ke gabansa ya ce lalle rami ne. Na ce mata ba a ciyar da yaro da gaskiyar direba. Ta ce haka ne, ba a kuma shayar da akuya da sukari. Muka yi kwana uku muna wannan, ni ina auna buhu, ita tana auna igiya, kuma in gaya muku gaskiya a kwana na uku ta riga ta kayar da ni. A cikin kaina na yarda da ita. Na ma ce mata shuɗiya zan jefa, na faɗa da babbar murya ina dukan ƙirji.

Ana gobe wate Mai Usur ya jera mu, mu ma'aikata goma sha biyu. Ya ce kowa za a ba shi takarda biyu, ya jefa ɗaya a akwati, ɗaya ta rage a hannunsa. Ya ce kada wanda ya kuskura ya yar da wadda ta rage, zai duba. Ku riƙe wannan da kyau don a nan maganar take: wanda ya jefa rawaya, shuɗiya ce za ta rage masa, ita ce shaidar biyayya. Wanda aka samu da rawaya a aljihu, to shuɗiya ya jefa. Ya ce mai irin wannan ba shi ba aiki, kuma duk tantin da aka san ya yi haka za a kai sunansa Agadas, gumiye, sojojin Nasara masu hawan raƙuma, su zo su hana dabbobinsa rijiya. Ko da gaske ne za a yi hakan, ko barazanarsa ce kawai, har yau ban sani ba. A lokacin mun yarda, domin mun sha ganin gumiye a kan raƙuma sun yi abin da ya fi haka.

Ranar wate aka kafa akwati a wani tanti na zangon, aka tsayar da tabarma a kusurwa don mutum ya ɓuya. Na shiga bayan tabarmar nan da takardu biyu a hannu. Babu mai ganina, na sani. Amma ta cikin saƙar tabarmar ina hango takalmin Mai Usur a bakin ƙofa, sai gumi ya karyo mini kamar ina ƙasan rami da azahar. Na ɗaga shuɗiyar. Na tuna buhu. Na tuna Alhasan. Na tuna tafiya gida Adar hannu wofi ana nuna ni. 'Ya'yana, rawaya na ninke na sa a ambulan. Rawaya ubanku ya jefa. Na cusa shuɗiyar a alabena na fito ina yi wa Mai Usur murmushi irin na marar kunya.

Da na koma tanti uwarku ta riga ta dawo, mata sun jefa tun da hantsi. Ba ta tambaye ni ba, ni ma ban ce komai ba. Na rataye alabe a jikin sandar tanti na tafi alwalar la'asar. Abin da ban sani ba shi ne ita ma ta dawo da takardarta da ta rage. Ba wanda ya ce wa matan su ajiye tasu, da ta jefa ta a wuta da magana ta ƙare. Amma mutanen uwarku ba sa yar da takarda mai rubutu, ba sa ƙona ta, ko da ba su san abin da ke ciki ba, don tsoron ko akwai sunan Allah a ciki. Kuma duk wata takarda ta gidanmu, ta haraji ce ko laya ce, a alabena take zama. Sai ta buɗe shi ta sa tata, kamar yadda ta saba.

Washegari da safe usur ya yi kuka, muka jeru a gaban kamiyo. Bakin rijiya cike yake da masu shayarwa, suna hango mu, surukina yana cikinsu da raƙumansa. Mai Usur ya fara daga dama, kowa ya nuna shuɗiya ya wuce. Ni hankalina kwance, har ina tausayin wani Bafillace da ke kusa da ni yana ta makyarkyata. Da ya iso kaina na buɗe alabe da gadara na zazzage a tafin hannuna. Takardu biyu suka faɗo, shuɗiya da rawaya. Wallahi sai da na ji kamar igiya ta tsinke da ni a tsakiyar rijiya. Nan take na gane ta wace ce, na kuma gane cewa ta ga tawa lokacin da take sa tata.

Mai Usur ya cire usur daga baki, abin da ban taɓa gani ba. Ya ɗauki rawayar da yatsu biyu.

"Maginin rijiya, mutum ɗaya takarda biyu? Wace ce taka?"

Na sunkuyar da kai ina kallon shuɗiyar da ta rage a tafina.

"Na san matarka," ya ce, a hankali, kamar mai son taimako na. "Duk mun ji bakinta. In tata ce, ka faɗa, ka koma raminka. Ba ruwanka da haukar mace."

Ga ƙofa ya buɗe mini, kuma gaskiya ce zan faɗa, ba ƙarya ba. Kada ku ɗauka ban so shiga ba. Na buɗe baki, kalmar "tata" tana kan harshena, na riga na ji ɗanɗanonta. Sai na ɗaga ido na hango ta can bakin rijiya, Alhasan a bayanta, tana jan igiyar nan mai ƙari biyu, awakinta sun kewaye kwami. Na ga gumiye suna korar awakin nan. Na ga kaina ina komawa tanti da buhun hatsi a kafaɗa, in sauke shi a gabanta, ta dube shi ta dube ni. Ba jaruntaka ce ta zo mini ba, kada wani ya ƙara muku gishiri. Tsoro biyu ne suka yi kokawa a cikina, tsoron Mai Usur da tsoron wannan kallon, na biyun ya fi ƙarfi.

"Rawayar tawa ce," na ce. Muryata ta fito siririya kamar ta ɗan akuya. "Shuɗiyar tsinta na yi a ƙasa, don in nuna maka."

Ya daɗe yana kallona. Ina jin bai yarda ba, amma mutum goma sha ɗaya sun ji, ba yadda zai yi. Ya jefo mini takardar a ƙirji ya ce in ajiye digarsu in ɓace masa da gani. Na sunkuya na ɗauke ta daga ƙasa, saboda rubutun da ke jiki. Ita ce wadda ke cikin gilashin Alhasan.

Gumiye ba su zo ba, rijiya ba a hana mu ba. Amma buhu ya tafi, kuma shekarar ta gwada mana. Rawaya ce ta ci zaɓen, ba wanda zai ɗauki mutumin da aka kora saboda shuɗiya. Na bi makiyaya har wajen Dannat ina yashe tsofaffin rijiyoyi a ba ni cuku da ɗan gero. Uwarku ta sayar da akuyarta mai nono wadda ta fi so, ta sayar da 'yan kunnenta na azurfa da ta gada. Akwai watan da muka rayu da tsakin da ake ba dabbobi, nononta ya ƙafe, Alhasan ya rame har ina tsoron ɗaukarsa kada ya karye a hannuna. Kullum da safe sai in sa kunne in ji ko yana numfashi kafin in iya yin salla. A watan nan na tsani igiyar nan, na tsani direban, na tsani bakin uwarku, ban ɓoye mata ba. Ba ta rama ba ko sau ɗaya, kuma ba ta taɓa ce mini ta ga shuɗiya a alabena ba.

In kun tambaye ni wa ya yi daidai, ba ni da amsa mai tsabta. Mai babbar riga bai yi ƙarya a kan gari ba, ga shi kuna cikinsa, Alhasan da ƙannensa biyu sun ci abinci da aiki a ramin haƙar dutsen nan na Akokan, a lakwal ɗin da ya faɗa kuka yi karatu. Rijiyarmu ta Gugaram kuwa na koma na gan ta bayan shekaru, na jefa dutse na ji ya faɗi a kan busasshiyar ƙasa. Direban ma ban san abin da zai yi ba da ya samu, watakila da ya fi haka lalacewa. Abin da na sani shi ne a duk taron nan na maza masu rawani, mutum ɗaya ce ta tambayi kowannensu abin da ba ya so a tambaye shi, kuma da abin da hannunta ya auna ta yi tambayar. Shi ya sa in na ga jikokina sun dawo daga taro da hula, na tambaye su me mutumin ya ce a kan ruwa da hatsi suka ce ba su ji ba saboda kiɗa, sai raina ya ɓaci.

Labarin jaruntakata ma'aikatan nan ne suka yaɗa shi, ni kuma ban ƙaryata ba. Uwarku tana ji ana faɗa muku, sai ta ci gaba da kaɗa nononta. Sau ɗaya tak na yi mata maganar, a shekarar da ta fara ciwon da ya ɗauke ta, muna zaune a inuwar gidan nan da hantsi. Na ce mata ai kin san abin da na jefa a akwatin nan. Ta ce ta sani. Na ce to me ya hana ki gaya wa yara, kika bar su suna yabon matsoraci? Ta dube ni da idon nan nata, ta yi 'yar dariya.

"Ba'adare, ke ma kin yi wate. Kwana ɗaya kika makara."

Ita ta yafe mini, amma wannan bai mai da takardar tawa ba. Alhasan, ka ji ni da kyau, ka bar ta a gilashinta, kada ka sauke. Sai dai a cikin akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadona akwai guntuwar igiyar fata mai ƙulli biyu. Ka ɗauko ta ka rataye kusa da takardar, kuma in baƙo ya tambaya, sunan uwarka za ka faɗa.